Axel Paulsen: Ɗan kasuwar gahawa da tsallensa ya mamaye wasan zamiyar ƙanƙara

A ranar 14 ga watan Satumban 2022, a garin Lake Placid na jihar New York da ke Amurka, wani matashi ɗan shekara 17 mai suna Ilia Malinin ya daka tsalle daga kan ƙanƙara, ya juya sau huɗu da rabi a sama, sannan ya sauka da ƙafa ɗaya bai faɗi ba. Shi ne mutum na farko da ya taɓa yin hakan a cikin gasa.

Sunan wannan tsalle Axel. An samo shi ne daga sunan wani ɗan ƙasar Norway, Axel Paulsen, wanda ya rasu shekara 84 kafin wannan rana. A zamaninsa an fi saninsa da tsere, kuma tsallen da ya ƙirƙiro bai ma ba shi matsayi na ɗaya ba a ranar da ya fara nuna shi. A yau kuwa, tsalle-tsalle masu wuya su ne ke raba gardama tsakanin zakaru a wannan wasa, har ta kai ga ana muhawara kan illar da suke yi wa jikin yara masu tasowa.

Ga mutanen Mirriya da Zinder wannan wasa baƙo ne. Komai tsananin hunturu ruwan tafki ba ya daskarewa a Damagaram, ƙanƙarar da aka saba da ita ita ce ta firji da ake nema ido rufe a lokacin azumi. Sai dai a gan shi a talabijin ko a waya. Amma duk wanda ya taɓa buga langa ya san wuyar tsayuwa da ƙafa ɗaya ana cikin motsi. Ɗan zamiya yana yin haka ne a kan santsi, yana tsaye a kan wani siririn ƙarfe mai kama da wuƙa da aka liƙa a ƙasan takalminsa, wanda kaurinsa bai wuce kusan milimita huɗu ba.

Haihuwa da tasowa

An haifi Axel Paulsen a ranar 18 ga watan Yulin 1855 a Aker, wani yanki da ke gefen birnin Christiania, wanda a yau ake kira Oslo. A lokacin Norway da Sweden suna ƙarƙashin sarki ɗaya ne, ba su rabu ba sai a 1905. A Damagaram kuma zamanin Sarki Tanimun ne, wanda ya kewaye Zinder da ganuwa.

Mahaifinsa, Johan Peter Paulsen, ɗan kasuwa ne mai sayar da gahawa a Christiania. Birnin yana bakin wani dogon reshen teku da ya kutso cikin ƙasa, kuma idan sanyi ya yi tsanani ruwan gaɓar yakan daskare har jama'a su hau kai. Nan ne filin wasan yaran birnin a lokacin hunturu. Axel da ɗan'uwansa Edvin sun taso cikin wannan al'ada, kuma dukkansu sun yi suna a zamiya.

Wasan ya kasu gida biyu. Akwai tsere, inda agogo ke nuna wanda ya yi nasara. Akwai kuma zamiyar salo, inda alƙalai ke ba da maki gwargwadon iyawar ɗan wasa wajen sarrafa ƙafarsa da jikinsa. A yau da wuya a samu wanda ya haɗa biyun, amma a ƙarni na 19 ba a raba su sosai ba. Paulsen ya yi duka, ko da yake tsere ne ya fi ba shi suna da kuɗi.

Abin da ya faru a Vienna a 1882

A farkon shekarar 1882 ƙungiyar zamiya ta birnin Vienna na ƙasar Ostiriya ta shirya gasar da masana tarihin wasanni ke ɗauka a matsayin babbar gasar zamiyar salo ta ƙasa da ƙasa ta farko. Vienna ce cibiyar wasan a lokacin, saboda tasirin wani Ba'amurke mai suna Jackson Haines, gwanin rawa da ya shigo da kiɗa da lanƙwasa jiki cikin zamiya kafin rasuwarsa a 1875.

Abin da aka fi auna ɗan wasa da shi a wancan zamani shi ne zane. Zai hau ƙanƙarar da aka share, ya yi ta kewaye da ƙafa ɗaya, ƙarfen takalminsa yana zana da'ira ko siffa mai kama da lamba 8, sannan ya maimaita a kan layin da ya zana ba tare da ya kauce ba. Alƙalai su sunkuya su duba sawun. A gasar Vienna an buƙaci zane na dole har iri 23, sai wasan ganin dama na minti huɗu, sai kuma wani salo na musamman da kowa zai ƙirƙiro da kansa.

A wannan kashi na ƙarshe ne Paulsen, yana ɗan shekara 26, ya zo da abin da ba a saba gani ba. Ya taho da gudu yana fuskantar gaba, ya tashi daga kaifin waje na ƙafa ɗaya, ya juya sau ɗaya da rabi a sama, ya sauka a kan ɗaya ƙafar yana tafiya da baya. Ya yi hakan ne sanye da takalmin tsere mai dogon ƙarfe, wanda ba don tsalle aka ƙera shi ba.

Alƙalai sun ba shi matsayi na uku. Leopold Frey ne ya zo na ɗaya, Eduard Engelmann na biyu, dukkansu ƴan Vienna da suka bi tafarkin Haines. A ma'aunin wancan lokaci hukuncin bai saɓa wa hankali ba, domin tsabtar zane ake nema, tsalle kuwa ƙari ne kawai.

Dalilin da ya sa tsallen ya fi sauran wuya

A yau akwai manyan tsalle iri shida da ake ba wa maki a zamiyar salo. Biyar daga ciki ana tashinsu ne ɗan wasa yana tafiya da baya, kuma da baya ake sauka. Na Paulsen kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba. Tunda dole a sauka da baya, sai ya zama akwai ƙarin rabin juyi a kowane mataki. Axel mai juyi biyu a zahiri biyu da rabi ne, mai uku kuma uku da rabi.

Duk wannan juyi ana yinsa ne cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan ɗan wasa ya sauko, ƙafa ɗaya ce ke ɗaukar bugun da ya ninka nauyin jikinsa sau da dama. Kuskure kaɗan wajen tashi na iya sa ƙarfen ya zame tun kafin a bar ƙasa, mutum ya faɗi a kan ƙugu ko kafaɗa.

Zakaran tsere

Bayan Vienna, Paulsen ya fi mayar da hankali ga tsere. An ɗauke shi a matsayin zakaran duniya daga 1882 zuwa 1890. A lokacin babu hukumar duniya da ke shirya gasa kowace shekara. Kamar yadda ake yi a dambe, mai kambu yana riƙe da shi ne har sai wani ya ƙalubalance shi ya kuma doke shi, kuma ana sa kuɗi a kai.

A 1883 ya tsallaka tekun Atlantika, ya fafata da gwanayen Amurka da Kanada, ciki har da tseren da aka yi a Brooklyn ta birnin New York, inda ya kafa tarihin gudu a zango daban-daban. Yakan kuma nishaɗantar da ƴan kallo da salo iri-iri, musamman gudu da baya, wanda ya ƙware a kai.

Karawarsa da aka fi tunawa ita ce ta ranar 26 ga watan Fabrairun 1885, a kan daskararren ruwan Frognerkilen da ke Christiania. Abokin karawarsa shi ne Renke van der Zee, gwanin tsere daga yankin Friesland na ƙasar Holan, ƙasar da ke alfahari da cewa zamiya gadonta ce. An ƙiyasta cewa mutum dubu 20 zuwa dubu 30 ne suka fito kallo, taron da ba a saba ganin irinsa a wasanni a Norway ba. Ƴan Holan sun saba da miƙaƙƙen tsere a kan magudanan ruwa, filin Frognerkilen kuwa kewaye ne mai kwana. Paulsen ya iya shan kwana ba tare da rage gudu ba, kuma ya lashe tseren. Ga ƙasar da ke neman tsayawa da ƙafafunta a gaban Sweden da sauran Turai, wannan nasara ta wuce wasa, ta zama abin alfaharin ƙasa.

Kambun ya suɓuce masa a 1890 a birnin Minneapolis na Amurka, inda Hugh McCormick na Kanada ya doke shi. Paulsen yana da shekara 34 a lokacin.

Gyaran takalmi

Akwai wata gudummawa tasa da ƴan tsere suka daɗe suna cin moriyarta. Kafin zamaninsa yawancin masu zamiya suna ɗaura katako ne mai ƙarfe a ƙasan takalmi da igiyar fata, abin da kan yi sako-sako ana cikin gudu. Paulsen, tare da wani abokin wasansa Carl Werner, sun ƙera takalmin tsere da ke da dogon siririn ƙarfe a cikin bututu mara nauyi, wanda aka liƙa wa takalmin kai tsaye. Ƙirar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma ita ce tushen takalmin tseren da aka yi ta amfani da shi kusan shekara ɗari, har zuwa shekarun 1990 lokacin da ƴan Holan suka yaɗa sabon samfurin da dugadugi ke ɗagawa daga ƙarfen.

Komawa shago

Mahaifinsa ya rasu a 1887, shi da Edvin suka gaji kasuwancin gahawa, suka ci gaba da riƙe shi shekaru masu yawa. Lokacin da wasan ya fara samun tsari, tashensa ya riga ya wuce. An kafa hukumar wasannin zamiya ta duniya, ISU, a 1892 a ƙasar Holan, aka kuma yi gasar duniya ta zamiyar salo ta farko a 1896 a birnin St. Petersburg na Rasha. Paulsen bai taɓa lashe wannan gasa ba, bai kuma taɓa shiga Olympics ba.

Ya yi tsawon rai har ya ga wasu sun bi sawunsa. Ulrich Salchow na Sweden, wanda ya lashe gasar duniya sau goma, ya fito da nasa tsallen a 1909. Werner Rittberger na Jamus ya kawo wani a 1910, sai Alois Lutz na Ostiriya a 1913. Duk da haka ba kowa ya yi maraba da abin ba, musamman ga mata. A gasar Olympics ta 1920 a Antwerp, alƙalai sun tsawata wa Theresa Weld ta Amurka saboda ta yi tsalle, a ganinsu hakan bai dace da mace ba.

Ƴar garinsu ce ta taimaka wajen kawar da wannan tunani. Sonja Henie, haifaffiyar Christiania, ta lashe zinaren Olympics sau uku a jere, a 1928 da 1932 da 1936, tana haɗa rawa da tsalle, har da na Axel. Shekara biyu bayan zinarenta na uku, a ranar 9 ga watan Fabrairun 1938, Axel Paulsen ya rasu a Nesodden da ke kusa da Oslo yana da shekara 82. A 1976 aka shigar da sunansa cikin jerin gwarazan zamiyar salo na duniya.

Yadda tsalle ya ture zane

Har ya bar duniya, babu wanda ya taɓa ƙara juyi ɗaya a kan tsallensa a cikin gasa. Sai a 1948, shekara 66 bayan Vienna, Dick Button na Amurka ya yi Axel mai juyi biyu a gasar Olympics ta St. Moritz. Shekara huɗu bayan haka, a Oslo, garin Paulsen, Button ya zama na farko da ya yi wani tsalle mai juyi uku a gasa.

Vern Taylor na Kanada ya yi Axel mai juyi uku a gasar duniya ta 1978 a Ottawa. Midori Ito ta Japan ta zama mace ta farko da ta yi shi a 1988. A wannan shekara kuma Kurt Browning na Kanada ya yi tsalle mai juyi huɗu na farko da aka amince da shi, a gasar duniya ta Budapest.

Yayin da tsalle ke hawa, zane yana sauka. Har zuwa 1968 zanen dole ne ke da kashi 60 cikin ɗari na maki. Amma talabijin ba ta son shi, domin mai kallo a gida ba ya ganin sawun da alƙalai ke dubawa, kuma yakan rasa dalilin da ya sa wanda ya fi burge shi bai yi nasara ba. Aka yi ta rage darajarsa har ISU ta soke shi baki ɗaya a 1990. Abin da ya kayar da Paulsen a Vienna ya ɓace daga gasa, abin da ya zo da shi a matsayin ƙari ya zama ginshiƙi.

Sauyi na biyu ya biyo bayan badaƙalar alƙalanci a gasar Olympics ta 2002 a Salt Lake City, inda aka zargi wata alƙaliya ƴar Faransa da karkata maki. A 2004 ISU ta ajiye tsohon tsarin da maki shida ne ƙololuwa, ta kawo sabo wanda ya sa wa kowane tsalle farashinsa. A jadawalin da aka yi aiki da shi lokacin da Malinin ya kafa tarihi, Axel mai juyi ɗaya yana da maki 1.10, mai biyu 3.30, mai uku 8.00, mai huɗu kuma 12.50. Doka ta kuma wajabta wa kowane ɗan wasa da ke fafatawa shi kaɗai ya yi tsallen Axel a zagayen gasa biyu, gajere da dogo.

Lissafin a fili yake ga kowane mai horarwa: ƙarin juyi ɗaya na iya ba da makin da kyawun rawa ba zai cike ba. A gasar Olympics ta 2010 a Vancouver, Evan Lysacek na Amurka ya lashe zinare ba tare da tsalle mai juyi huɗu ba, ya doke Evgeni Plushenko na Rasha da ya yi shi. Gardamar da ta biyo baya ta sa aka ƙara wa irin wannan tsalle daraja. Zuwa 2018 Nathan Chen na Amurka ya gwada shida a zagaye ɗaya a Pyeongchang. A 2022 a Beijing, Alexandra Trusova ta Rasha, ƴar shekara 17, ta gwada biyar.

Abin da jiki ke biya

Masu sukar wannan yanayi sun fi damuwa da ƴan mata. Jiki siriri mara nauyi ya fi saurin juyawa, don haka yarinyar da ba ta gama girma ba takan fi babbar mace iya juyi huɗu. Sakamakon haka aka riƙa ganin zakaru ƴan shekara 15 da ke ɓacewa kafin su kai 20. Tara Lipinski ta Amurka ta lashe zinare a 1998 tana da shekara 15, aka yi mata tiyata a ƙugu shekara biyu bayan haka. Yulia Lipnitskaya ta Rasha, wadda ta yi tashe a 2014 tana da 15, ta ajiye wasa tana da 19 bayan jinyar cutar ƙin cin abinci.

Lamarin ya kai maƙura a Beijing, inda aka gano cewa gwajin Kamila Valieva ta Rasha, ƴar shekara 15, ya nuna haramtaccen magani. Duniya ta kalle ta tana faɗuwa tana kuka a zagayen ƙarshe. A watan Yunin 2022 ISU ta amince da ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, a hankali cikin shekara biyu.

Maza ma ba su tsira ba. Yuzuru Hanyu na Japan, mai zinaren Olympics biyu, ya shafe shekarunsa na ƙarshe a gasa yana neman Axel mai juyi huɗu. Ya gwada shi a Beijing da raunin idon sawu, ya faɗi, ya ƙare a matsayi na huɗu. Wata bakwai bayan haka Malinin ya yi shi, shekara 140 cif bayan gasar Vienna.

Masu goyon bayan tsalle suna da tasu hujjar. Suna ganin juyi abu ne da ake iya ƙirgawa a kuma sake dubawa a bidiyo, don haka ya fi wuyar maguɗi a kan kyawun salo, wanda ya dogara da ra'ayin alƙali. Masu kallon kokowar gargajiya a Nijar sun san bambancin: kaye a fili ba ya barin gardama, amma idan lokaci ya ƙare aka koma ga hukuncin alƙalai, surutu ba ya ƙarewa. ISU na ƙoƙarin riƙe tsakiya. A 2018 ta rage yawan tsallen maza a dogon zagaye daga takwas zuwa bakwai, ta kuma tsananta rage maki ga wanda ya faɗi.

Paulsen bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tarihin gudun da ya kafa duk an daɗe da karya shi, kambun da ya kare shekara takwas kuma ya zama labarin littattafai. Juyi ɗaya da rabin da ya ba shi matsayi na uku shi ne ya rage. Har yau shi ne babban shingen farko da ƙaramin yaro mai koyon zamiya ke fama da shi kafin a fara ɗaukarsa ɗan gasa, kuma shi ne, da ƙarin juyi uku, ya kasance tsalle mafi tsada a jadawalin alƙalai a 2022.